Gani Ya Kori Ji

A bayan gidan wani dattijo a birnin Shefil, cikin yankin Yokshaya na arewacin Ingila, akwai wani farin ɗaki mai taya biyu, wanda yakan zauna a lulluɓe da tamfol tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris. Idan sanyi ya ja da baya, sai dattijon ya yaye tamfol ɗin, ya duba iskar tayoyi, ya maƙala ɗakin a bayan motarsa, shi da matarsa su nufi bakin teku. Mutanen Ingila suna kiran irin wannan ɗaki karaban. Asalin kalmar daga Farisanci ne, karwan, wato ayarin fatake. Da tafiya ta yi tafiya, sai sunan ya tashi daga kan raƙuma da matafiya ya koma kan ɗakin da ake ja. Bahaushe kuwa yana da sunan da ya dace tun da daɗewa, domin tafi-da-gidanka da ya laƙaba wa kotu da wayar hannu, a nan ne ya tarar da mai shi na ainihi.

Al'adar ba sabuwa ba ce a ƙasar. A shekarar 1885 wani tsohon likitan sojan ruwa ɗan Sikotlan, William Gordon Stables, ya yi yawo cikin ɗakin katako da aka ƙera masa, dawakai biyu suna ja, daga kudancin Ingila har garin Inbanes. Ba fatauci ya fitar da shi ba, ba kuma ƙaura ba, sha'awa ce kawai. A 1907 masu irin wannan sha'awa suka kafa ƙungiya, wadda tana nan har yau. Wata doka ta 1960 ta buɗe hanyar da manomi zai iya saukar da karaban har guda biyar a filinsa, muddin irin wannan ƙungiya ta ba shi shaida. Waɗannan ƙananan zangunan dattijon da matarsa suka fi so: fili mai ciyawa, famfo ɗaya a bakin shinge, tumaki a ƙetare, sai iskar teku.

Duk abin da ke cikin karaban ƙarami ne. Gadon dare shi ne kujerar rana, murhun gas bai wuce faɗin faranti biyu ba, wurin wanka kuwa mutum ɗaya ne ke iya tsayawa a ciki, shi ma sai ya takura. Ruwa ba ya zuwa daga bututun gari. Akwai duro na roba mai cin lita 40, wanda aka yi masa mariƙi yadda za a gangara shi a ƙasa kamar taya. Mutum ya je famfon gona ya cika shi, ya jawo shi ya tsayar kusa da bangon ɗakin. Sai a zura ɗan injin ruwa a ciki, wanda bai fi tsawon tafin hannu ba, ya nutse har ƙasa. Daga injin, tiyo da waya suna tafiya tare zuwa wata kafa a jikin bango, inda ruwa ke shiga, wuta kuma ke fita daga batir mai ƙarfin bolt 12.

A cikin ɗakin, ƙarƙashin kujera, akwai wani makunni wanda ba hannu ke taɓa shi ba, matsin ruwa ne ke sarrafa shi. Idan aka buɗe famfo, matsin da ke cikin bututu ya ragu, sai makunnin ya haɗa wuta, inji ya tashi. Idan aka rufe, ruwa ya rasa mafita, matsi ya hau, makunnin ya yanke wuta, inji ya tsaya. Dabara ce mai kyau, amma tana da rauni guda. Makunnin bai san komai ba sai matsi. In ruwa ya ƙare a duro, matsi ba zai taɓa hawa ba, inji zai yi ta juyi a cikin iska. In batir ya yi sanyi, inji ba zai iya kai matsin inda ake so ba, nan ma ba zai tsaya ba. Shi kuwa irin wannan inji ruwan da yake turawa shi ne ke sanyaya shi. Juyi a bushe na ɗan lokaci ya isa ya lalata shi.

Shekara da shekaru dattijon bai taɓa damuwa da wannan rauni ba, saboda kunnensa ya tsare masa. Injin yana da wani siririn kuka, kamar na sauro a nesa, wanda yakan ratso bango. Idan duro ya kusa ƙarewa, kukan yakan sauya, ya ƙara tsini. Ko yana barci yakan farka ya miƙa hannu ya kashe. Yana alfahari da wannan kunne. Ya yi shekara talatin da ƴan kai yana aiki a masana'antar ƙarfe, a garin da Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913, kuma abokan aikinsa sun san shi da cewa yakan gane injin da zai lalace tun daga amonsa, kafin makanike ya zo da kayan awo.

Sai dai masana'antar da ta horar da kunnen ita ce ta cinye shi. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum ya daɗe a cikinta kullum, tana kashe su a hankali, ƙarar gudumar maƙera ta masana'anta kuwa ta wuce haka nesa. Dokar da ta tsara kare kunnen ma'aikata a masana'antun Birtaniya baki ɗaya sai a farkon 1990 ta fara aiki, lokacin da shi ya riga ya ci rabin aikinsa. Irin wannan kurumta ba ta zuwa da sallama. Siraran sautuka take fara ɗauka: kukan tsuntsu, muryar yara, amon harafin s da f a cikin magana. Kaurin murya yana nan, don haka mutum yakan ɗauka jama'a ne suka koma magana ciki-ciki. Haka dattijon ya ɗauka. Kukan injin ma da ya daina jinsa, sai ya yanke cewa injin ne ya yi laushi da shekaru.

Abin ya fito fili ne a wani yammaci na watan Yuli. Matarsa ta bi ƴarsu zuwa cikin gari, shi kaɗai ya rage. Ya wanke kofuna, famfo ya fara tofar da iska, ya gane duro ya ƙare. Ya rufe famfo da niyyar in rana ta yi sanyi zai je ya ɗebo, ya zauna da jaridarsa. A saman ƙofa akwai allon makunnai, a jikinsa akwai ƴar fitila kore kusa da hoton famfo. Tana kunne, kamar yadda take kullum daga safe zuwa dare, don haka bai kula ta ba. A waje kuwa, bayan bango mai kaurin yatsa biyu, injin yana ta juyi a busasshen duro. Da ya cika duron da magariba ya buɗe famfo, ko ɗigo bai fito ba. Ya ciro injin ya same shi da ɗumi, ya mutu.

Washegari ya sayo sabo, yana ta faɗan cewa kayan zamani ba su da ƙarko. Ƴarsa ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Baba, injin nan ya fi awa biyu yana kuka a gefenka. Maƙwabcinku na can ƙarshen fili ya ce ya ji shi." Ya ce ai iska ce ke kaɗawa ta wancan gefen. Ta ce, "Yau inji ne. Gobe in ƙararrawar hayaƙi ce fa? Kuna kwana da murhun gas a ɗaki ɗaya. Ko dai a je a duba kunnen nan, ko kuma a sayar da karaban ɗin ku huta." Matarsa tana naɗe tawul, ba ta ce uffan ba. Shi ma bai sake magana ba har suka kama hanya.

Mai karatu zai iya cewa ai maganar ƴar gaskiya ce, kuma gaskiya ce. Amma karaban ɗin a wurin dattijon ya wuce kayan hutu. Da kuɗin sallamarsa daga aiki ya saye shi. Shi ne wuri guda da ya rage inda komai ke hannunsa: shi ke ɗaura shi a mota, shi ke daidaita ƙafafunsa a ƙasa mai gangare, shi ya san kowace waya da kowane sukuru. A gida ƴaƴa sun karɓe lissafin kuɗi a kwamfuta, likita ya karɓe zancen abinci. In aka sayar da karaban, to saura kujerar falo da talabijin mai ƙara. Ya kwana biyu yana wannan tunani, ya kai ga wata matsaya wadda ba ta ƴarsa ba ce, ba kuma irin tasa ta da ba. Bai yarda kunnensa ya gaza ba, amma ya yarda cewa da injin yana da fitila, da bai mutu ba.

Jikarsa, ƴar shekara goma sha biyar, ita ta kawo kayan aikin a hutun Ista, cikin ƴar leda da ba ta cika tafin hannu ba. Akwai ɗan ƙwan fitila ja mai faɗin milimita 5, irin wanda ake kira LED, mai ƙafafu biyu na waya. Irin wannan ƙwai ya girmi mahaifiyarta: a 1962 Nick Holonyak ya ƙera na farko mai ba da jan haske a Amurka. Akwai kuma wani ɗan abu mai kama da ƙwayar shinkafa, da zobban launi a jikinsa, wanda masu gyaran rediyo ke kira rezista. Aikinsa rage kwararar wuta. Dattijon ya san manyan injuna, amma bai saba da waɗannan ƙananan ba, sai ya tambaye ta amfanin ƙwayar shinkafar.

Ta ɗauko takarda ta yi masa lissafin da aka koya musu a makaranta, bisa ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827. Batir yana turo bolt 12. Jan ƙwan ba ya buƙatar fiye da kusan bolt 2. Saura bolt 10 ke nan da dole wani abu ya tare, in ba haka ba ƙwan zai ƙone nan take. Wutar da ta isa ya haskaka kuwa kashi ɗaya ce cikin ɗari na amfiya guda. In aka raba 10 da 0.01, sai a sami 1,000. Saboda haka rezista mai om 1,000 ake nema. Ya ce, to in an jona karaban da wutar zango, ai cajin batir yakan kai bolt 13.8. Ta sake lissafi ta nuna masa cewa ko a haka wutar da za ta bi ta ƙwan ba za ta kai abin da yake iya ɗauka ba. Ya karɓi takardar ya bi lissafin da yatsa har sau biyu, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu.

Kafin su taɓa komai, ya zare wayar da ke kawo wutar gida mai bolt 230, ya cire kan batir. Wannan ɗabi'ar masana'anta ce da ba ta bar shi ba. Daga nan ya yi mata bayanin abin da shi ya fi ta sani. Fitilar ba za ta shiga kan hanyar injin ba. Inji yana jan amfiya biyu zuwa huɗu, in aka tilasta wa wannan wuta bi ta cikin rezista, to inji ba zai ko motsa ba. Gefe za a ratsa mata, kamar yadda mai lambu ke yanko ƴar ƙorama daga babbar hanyar ruwa: ƙafa ɗaya a wayar da ke kai wuta ga inji, ɗayar a wayar da ke dawowa. Ta haka duk lokacin da wuta ta je wa inji, fitila ma za ta sami rabonta, kuma rabon nan bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari biyu na abin da inji ke sha ba.

A nan ne suka yi kuskuren farko, kuma nasa ne. Wayar da ta fi sauƙin kaiwa ita ce ta bayan allon da ke saman ƙofa, don haka ya jona a can. Da aka mayar da batir aka danna makunni, fitilar ta kama, ja zur. Jikar ta yi tafi. Sai ta buɗe famfo, ta rufe, ta sake buɗewa. Fitilar ba ta ko ƙyafta ba.

Ta ce, "Kaka, wannan ai abin da koriyar ke faɗa take maimaitawa."

Ya tsaya yana kallon fitilun biyu, kore da ja, gefe da gefe. Gaskiyarta. Dukansu suna shaida cewa an ba inji izini, babu wadda ke shaida cewa inji yana aiki. Koriyar da ya zauna a ƙarƙashinta ranar da injin ya ƙone ba ta yi masa ƙarya ba. Tambayar da take amsawa daban ce da wadda yake buƙatar amsarta.

Sai suka ɗage katifar kujera suka shiga neman makunnin matsi. Wayoyi biyu ne ke jikinsa, ɗaya mai shigo da wuta, ɗaya mai fita da ita zuwa inji. Launin waya a karaban ba abin dogaro ba ne, kowane kamfani da tsarinsa, don haka suka koma ga mita. Jikar tana buɗe famfo tana rufewa, shi yana durƙushe yana kallon lambobi. Waya ɗaya ta tsaya a kan 12 ko famfo na buɗe ko yana rufe. Ɗayar kuwa tana hawa 12 in an buɗe, ta faɗo sifiri in an rufe. Ita ce suke nema. Suka sake cire batir, suka jona a bayan fis ɗin inji yadda fis ɗin zai kare sabuwar wayar ma, suka liƙe mahaɗin da dalma, suka rufe shi da roba.

Kuskure na biyu nata ne. Ƙwan LED hanya ɗaya kawai yake barin wuta ta bi. Doguwar ƙafarsa ta gefen alamar tarawa ce, gajeruwar ta gefen ɗebewa, ita kuwa ta riga ta datse su daidai da juna don su yi kyau. Da aka gwada, inji ya tashi, ruwa ya zubo, fitila shiru. Ya duba gindin ƙwan ya nuna mata inda aka ɗan shafe gefe guda, ya ce wannan gefen shi ne na ɗebewa. Suka juya shi. Ta buɗe famfo, ja ya kama. Ta rufe, ya ɗan jima kamar numfashi ɗaya, matsi ya cika, ya mutu. Ta sake, ya sake. Dattijon ya sa ta maimaita har sau biyar.

Saura wurin kafawa. Shi yana son saman ƙofa, kusa da sauran makunnai, don a nan ya ga ya fi tsari. Matarsa, wadda duk wunin ba ta sa baki ba, ta leƙo ta kira shi da sunansa, kamar yadda matan can ke yi, ta ce a sa shi a jikin katakon da ke fuskantar gado, ta ɓangaren da yake kwanciya. Ya ce haske zai hana ta barci. Ta ce ba zai hana ba. Ya huda katakon, ya cusa ƙwan, aikin da bai ci kuɗin kofin shayi biyu ba ya kammala.

A watan Mayu suka sauka a wata gona kusa da bakin Tekun Arewa. Daren farko ya farka wajen ƙarfe biyu, kamar yadda tsofaffi kan yi. Ɗaki duhu, ruwan sama yana sauka a kan rufi, shi ba ya jin sa, yana dai ganin ɗigonsa a taga. Sai jan haske ya kama a gabansa, ya yi daƙiƙa biyu, ya mutu. Ya ɗauka idonsa ne. Ya kwanta yana kallon wurin. Bayan kusan minti goma ya sake kamawa. Babu mai buɗe famfo, matarsa tana gefensa. Ya fara zargin aikin hannunsa, ko wani mahaɗi ne bai kama ba. Amma waya mai kwance ba ta san agogo ba, wannan kuwa yana zuwa a kan lokaci. Ruwa ba ya tsami banza. In inji yana tashi alhali famfo a rufe, to matsi yana zurarewa ta wani wuri: ko dai ruwa yana komawa duro ta bawul ɗin da ya kamata ya tare shi, ko kuma yana fita inda bai kamata ba.

Ya yunƙura zai tashi ya kashe makunni, sai matarsa ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, "Bari, na saba."

Ya kunna fitilar gefen gado don ya ga bakinta, domin ya daɗe da fara karanta magana a leɓe ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Ya tambaye ta me ta saba da shi. Ta ce tun bara, tun farkon fitarsu, injin yana yin haka kowane dare. Takan jira ya yi barci, ta tashi ta kashe, ta riga shi farkawa ta kunna. Ya ce me ya hana ta faɗa masa. Ta ce ta faɗa, sau biyu. Na farko ya ce bai ji komai ba. Na biyu ya fita ya tsaya kusa da duro, ya dawo ya ce injin lafiyarsa lau, kunnenta ne ke yi mata gizo. Daga ranar ta ga cewa tashin dare ya fi mata sauƙi a kan ta sa shi ya zaɓa tsakanin maganarta da kunnensa.

Kalmar ji a Hausa tana da faɗi. Ana jin magana, ana jin zafi, ana jin ƙamshi, ana jin kunya, wanda ya iya harshe kuma a ce yana jin sa. Mai cewa bai ji ba, wani lokaci kunnensa yake nufi, wani lokaci kuma zuciyarsa. Dattijon ya shekara yana cewa bai ji ba, yana nufin babu. A daren nan ya ji abin da ba kunne ke jin sa ba, ya kashe fitila ya kwanta, bai ce komai ba. Jan hasken ya sake kamawa. Wannan karon shi ya tashi ya kashe makunnin.

Da gari ya waye ya fitar da komai daga ƙarƙashin kujera. A can lungu, bayan tukunyar ɗumama ruwa, ya tarar da wani mahaɗin bututu na roba da siririn tsagu a wuyansa. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma in ba a tsiyaye bututu sarai kafin hunturu ba, ɗan abin da ya rage ya isa ya tsaga roba. Ɗigo ne ke fita, ɗaya bayan ɗaya, yana bin gefen katako yana shigewa ƙarƙashin leda. Ya danna daɓen da babban yatsa, ya ji ya lotsa. Daɓen karaban falle biyu ne na siririn katako da soso mai tauri a tsakani, kuma danshi shi ne babban abokin gabarsa. Wurin da ya ruɓe bai wuce faɗin faranti ba. Mai gyaran da ya duba daga baya ya ce da an ƙara shekara guda, da ruɓar ta kai ga katakon da ke riƙe da bango, kuɗin gyara kuma ya fi kuɗin karaban ɗin. Sabon mahaɗin bai kai kuɗin ƙwan fitilar da rezista sau uku ba.

Ƴarsa ce ta kai shi asibiti a watan Yuni. Aka sa masa abin sauraro a kai, aka ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji sauti. Ya daɗe yana jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Takardar da aka ba shi ta nuna layi yana tafiya daidai a wajen kauraran sautuka, sannan ya gangara kamar bakin rijiya a wajen sirara. Hukumar lafiya ta ƙasar tana ba da na'urar ƙara ji kyauta, aka auna masa guda biyu. Ranar da ya fara sa su a cikin karaban, ya buɗe famfo, ya tsaya cak. Ya ce wa matarsa ashe haka sabon injin nan yake da ƙara. Ta ce tsohon ma haka yake. Ƴar ta sauya ƙararrawar hayaƙi da irin wadda ke walƙiya tana kuma girgiza matashin kai, ba ta sake ta da zancen sayarwa ba.

Bai cire jar fitilar ba, domin da dare yakan cire na'urorin ya ajiye su a ƴar akwati. Ya kuma san iyakarta. Wuta take gani, ba ta ganin ruwa. In injin ya maƙale, ko wayarsa ta tsinke a waje, za ta kama ja kamar komai lafiya. In duro ya ƙafe, za ta kama ta ƙi mutuwa, amma ba za ta faɗi dalili ba. Sai mutum ya san abin da ya kamata ta yi, sannan zai gane lokacin da ta saɓa: ta kama in an buɗe famfo, ta mutu jim kaɗan bayan an rufe. Duk wani abu da ta yi ban da wannan, kira ne a tashi a duba.

A wani dare na watan Satumba, gab da ƙarshen fitarsu ta shekarar, ya farka ya ga ja tsaye, ba ya ƙyaftawa. Matarsa ta yi wanka kafin su kwanta, duro ya ƙare, babu wanda ya lura. Ya miƙa hannu ya kashe makunni. Ya juya ya dube ta, ya ga barci take yi, bakinta a ɗan buɗe, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci. Da asuba ya sa takalman roba, ya zare injin ya rataye shi a bakin taga, ya kama mariƙin duro ya ja shi cikin raɓa zuwa famfon da ke bakin shinge.